Seebohm Rowntree: Mutumin Da Ya Yi Wa Talauci Mudu

Duk akawun da ya taɓa zama da littafin ƙidaya ya san shanu suna ƙirguwa, gidaje suna ƙirguwa, kawunan masu biyan haraji ma suna ƙirguwa. Amma a ce masa ya shiga gari ya ƙirgo matalauta, to, nan ne alƙalami zai tsaya. Wa za a rubuta, wa za a bari? Mai tsohuwar riga wataƙila rumbunsa cike ya ke, wanda ya sha ado kuwa wataƙila jiya ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Ko da an yi ƙidayar bana ma, in an komo bayan shekara 30, da me za a san ko abin ya ragu ko ya ƙaru? Duk da haka mu kan ji an buga cewa mutum miliyan kaza ne ke cikin matsanancin talauci a duniya, a da kuwa miliyan kaza ne. Wannan lissafi yana da asali. Cikin waɗanda suka aza harsashinsa akwai wani Bature mai masana'antar koko a Ingila, wanda ya auna talaucin garinsu har sau uku cikin shekara 51.

Sunansa Benjamin Seebohm Rowntree. An haife shi ran 7 ga Yuli, 1871, a York, wani tsohon birni mai ganuwa a arewacin Ingila. Ubansa Joseph Rowntree ɗan mai kanti ne, ya shiga sana'ar koko da cakulan tare da ƙanensa, har sana'ar ta bunƙasa ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren aiki na garin. Gidansu mabiya wata ɗariƙa ce ta Kirista da a ke kira Kweka, mutane masu ƙin yaƙi da ƙin alfahari, waɗanda suka ɗauki dukiya amana ce. Yaron ya yi karatu a makarantar Bootham ta 'yan ɗariƙarsu, sa'an nan ya tafi Mancesta ya taɓa ilmin haɗa sinadarai. Bai daɗe ba, cikin 1889, yana da shekara 18, ya komo ya kama aiki a masana'antar ubansa. Kowace Lahadi ya kan koyar a makarantar manya, inda leburori ke zuwa neman ilmi, ya kan kuma ziyarce su a gidajensu. A nan ne ɗan mai kuɗi ya fara ganin yadda a ke kwana a lungunan garin da aka haife shi. Cikin 1897 ya auri Lydia Potter, aka kuma sa shi cikin shugabannin kamfani.

A zamanin nan wani attajiri mai jiragen ruwa, Charles Booth, yana cikin binciken zaman mutanen Landan, ya buga cewa kusan mutum 31 cikin kowane 100 na birnin matalauta ne. Mutane da yawa suka ce ai Landan daban ta ke, can ne tarkacen duniya ke taruwa, sauran garuruwan Ingila lafiya lau su ke. Rowntree bai yi gardama da baki ba. Ya ce a ransa bari ya gwada a York, gari matsakaici wanda ba a san shi da wata masifa ba.

AWON FARKO

Cikin 1899 aka bi garin gida-gida. Duk gidan da ke da baran da a ke biya aka tsallake shi, tun da ya ke an ɗauka yana da hali. Sauran kuwa aka rubuta su kakaf: iyali 11,560, watau mutum 46,754, cikin garin da jama'arsa duka ta kai 75,812. Aka rubuta sana'ar kowa, da yawan ɗakuna, da kuɗin haya, da gida nawa ke tarayya a famfo guda ko bayan gida guda. Wajen albashi Rowntree bai dogara ga abin da mutum zai faɗa a bakin ƙofa ba kaɗai, don ya san halin mutane in an tambaye su samunsu. Sai ya nemi labarin daga wurin masu biyan albashin, abin da ya zo masa da sauƙi tun da shi ma ɗayansu ne.

Bin gidaje aiki ne na haƙuri, amma ba a nan gwanintarsa ta ke ba. Gwanintar ita ce mudun da ya sassaƙa. Ya duba binciken masana abinci, musamman wani Ba'amurke mai suna Atwater, ya ga cewa namiji mai aikin ƙarfi matsakaici yana bukatar abincin da zai ba shi kalori 3,500 a yini. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Sa'an nan ya ɗauki tsarin abincin da a ke ba mutane a gidajen gajiyayyu na hukuma, ya tsince mafi araha a ciki, ya fid da naman mahauta ɗungum, ya tafi kantunan da talakawan York ke sayayya ya sa wa kowane abu kuɗinsa. Ya fito da lissafi na miji da mata da 'ya'ya uku a mako guda: abinci sule 12 da kwabo 9, haya sule 4, sutura da gawayi da fitila da sabulu sule 4 da kwabo 11. Jimla sule 21 da kwabo 8. Masu karatu ƙanana su tuna a wancan zamani kwabo 12 ke sule guda, sule 20 kuwa fam guda. Duk iyalin da samunsu bai cika wannan mudu ba, ko da sun fi kowa tattali a duniya, ba za su iya riƙe lafiyar jikinsu ba.

Da gangan ya ƙuntata mudun. Ya san abin da masu hali za su ce, don sun saba faɗarsa: wai matalauci shi ya jawo wa kansa da giya da caca da lalaci. Saboda haka ya yi mudun da ba mai iya cewa an saka alheri a ciki. Iyalin da ke zaune daidai bisa wannan iyaka ba su da kwabon shiga jirgi ko sayen jarida. Ba su iya aika wa ɗansu na nesa takarda, don ba kuɗin kan sarki. Ba abin taimakon maƙwabci, ba alewar yara, ba tabar maigida. In yaro ya yi ciwo sai likitan sadaka, in ya mutu sai hukuma ta binne shi. Kuma tilas maigida kada ya fasa aiki ko da yini guda. Ko ɗaya daga cikin waɗannan aka keta, to, daga tukunya za a cire kuɗin.

Da aka ɗora mutanen York bisa wannan mudu, sai ga mutum 7,230 ba su cika shi ba, kusan 10 cikin 100 na dukan garin ke nan. Aka kuma sami waɗansu 13,072 waɗanda samunsu ya isa a lissafi, amma da ya ke wani abu na kuɗin yana tafiya wata hanya, ko mai amfani ko ta banza, suna zaune cikin rashi a fili. In an haɗa duka, mutum 20,302 ne, kusan 28 cikin 100. Ashe York da Landan duk kanwar ja ce.

Abin da ya fi tada hankali shi ne dalilan. Cikin waɗanda ba su cika mudun ba, fiye da rabi, 52 cikin 100, maigidansu yana da aiki tsayayye, yana zuwa kullum, albashin ne kurum bai isa ba. Lebura a York a lokacin ya kan sami sule 18 zuwa 21 a mako, mudu kuwa yana neman 21 da kwabo 8. Wajen 22 cikin 100 yawan 'ya'ya ne ya nutsar da su, wajen 16 kuwa mutuwar mai ciyarwa. Waɗanda rashin aiki ya kayar ba su kai 3 cikin 100 ba. Ya kuma nuna abin a jikin mutane. A unguwannin da suka fi tsiya, cikin jarirai 1,000 da aka haifa, 247 ba su kai shekara guda ba. A gidajen masu barori 94 ne. Yaro ɗan shekara 13 na gidan matalauta ya gaza ɗan ma'aikaci mai sukuni da inci uku da rabi a tsawo.

Ya lura da wani abu kuma wanda kowane dattijo zai gane. Talauci ba ya zama wuri guda a rayuwar lebura, zuwa ya ke yana komowa. Yana yaro yana cikinsa. Ya tasa ya kama aiki bai yi aure ba, ya ɗan sami sarari. 'Ya'ya sun zo, ya sake faɗawa. Sun girma suna kawo nasu, ya ɗago. Sun watse tsufa ya zo, ya koma. Ma'anar wannan ga mai ƙidaya ita ce, waɗanda ka tarar yau a ƙasan mudu kaɗan ne daga cikin waɗanda suka taɓa shiga ko za su shiga.

Littafin ya fito cikin 1901, ya kuwa sha suka. A ganina wani ɓangare na sukar yana bisa gaskiya. Mutum 7,230 ɗin nan lissafi ne ya fid da su, amma sauran 13,072 da ido aka shaida su, watau mai bin gidaje ya duba ya ga ƙazanta da alamun rashi, ko maƙwabta suka ba shi labari. Ido kuwa ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Rowntree da kansa ya bar wannan hanya daga baya.

Duk da haka maganar ta shiga kunnen masu mulki, don ta zo daidai lokacin yaƙin Afirka ta Kudu, sa'ad da a ke ta mayar da samari masu neman shiga soja saboda rashin ƙoshin lafiya. Winston Churchill, yana saurayi a Majalisa, ya karanta littafin ya girgiza. Lloyd George ya zama abokin Rowntree. Cikin 1908 aka yi dokar fanshon tsofaffi, sule 5 a mako ga matalaucin da ya kai shekara 70, cikin 1911 kuma aka yi dokar inshorar ciwo da rashin aiki. Ba littafi guda ne ya haifi waɗannan dokoki ba, amma ya ba masu neman su makami. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko aka ba Rowntree kula da jin daɗin ma'aikata a masana'antun makamai. A kamfaninsu ma, wanda ya shugabanta daga 1923 zuwa 1941, an sa likita, an sa fansho, an rage kwanakin aiki zuwa biyar a mako tun 1919.

Akwai fa inda mudunsa bai kai ba, kuma bai kamata a rufe shi ba. Koko ba ya tsira a York. Wani sashe na kokon da kamfanin ke saye a farkon ƙarnin nan na 20 daga tsibirin Sao Tome ya ke zuwa, a gaɓar Afirka, inda a ke noma shi da mutanen da aka kamo ba da sonsu ba. Sai cikin 1909 kamfanin da waɗansu takwarorinsa suka daina saye daga can. Cikin 2021 ƙungiyoyin da ke ɗauke da sunan gidan Rowntree suka fito suka amsa wannan da bakinsu. Mutumin da ya lissafa kwabon sabulun lebura a York bai taɓa lissafa abincin wanda ya fasa ƙwallon kokon ba.

MUDU BIYU

Cikin 1936, yana da shekara 65, ya sake bin York. Wannan karo iyali 16,362 aka rubuta. A nan ne ya ci karo da matsalar da ke damun masu wannan aiki har yau. Duniya ta sake cikin shekara 37. Abin da a ke gani alatu ne a 1899 ya zama bukata. Ba mai iya cewa da mutum a 1936 ya zauna ba jarida, ba kuɗin ƙungiyar ma'aikata, ba na mota zuwa wurin aiki. Sai ya sassaƙa sabon mudu mai ɗan faɗi, sule 43 da sisi ga iyali mai mutum biyar, ban da haya. Da wannan mudu, 31 cikin 100 na ma'aikata da iyalansu suka fito matalauta, kusan 18 cikin 100 na dukan garin.

Wanda ya ɗauki 18 ɗin nan ya jera shi da 10 na 1899 zai ce talauci ya ƙaru. Wanda ya jera shi da 28 zai ce ya ragu da sulusi. Dukansu biyu sun yi kuskure, don sun gwada awon tiya da awon mudu. Rowntree ya ga ramin, bai faɗa ba. Ya ɗauko tsohon mudunsa na 1899, kayan ciki ba ƙari ba ragi, ya sa musu kuɗin 1936, ya sake aunawa. Sai ga shi waɗanda ba su cika shi ba sun sauko daga kusan 10 cikin 100 na garin zuwa kusan 4. Ya buga lissafin duka biyu cikin littafinsa na 1941, kowane da amfaninsa. Tsohon mudu shi ke faɗin ko an ci gaba. Sabon mudu shi ke faɗin sauran aikin da ya rage. Dalilai ma sun juya, don rashin aiki, wanda a 1899 bai taka kara ya karya ba, yanzu ya zama babban mai kayar da mutane.

Ya yi wani gwaji kuma mai amfani ga akawuna. Wani masanin lissafi, Arthur Bowley, ya daɗe yana cewa ba sai an bi kowane gida ba, kamar yadda ba a zazzage buhu don a san kyaun hatsi. Rowntree bai gamsu ba sai da ya gwada da takardunsa. Ya ɗebi gida ɗaya cikin 10, ɗaya cikin 20, har ɗaya cikin 50, ya gwada da cikakken lissafi ya ga iyakar kuskuren. A shekarar da ta biyo bayan fitar littafin aka sa shi da Bowley cikin masu ba William Beveridge shawara a kan abin da zai ishi mutum rayuwa, cikin rahoton 1942 wanda aka gina tsarin taimakon jama'a na Ingila a kansa bayan yaƙi.

Awo na uku cikin 1950 aka yi shi, gida ɗaya cikin tara, tare da wani mataimaki, G. R. Lavers. Rowntree ya tsufa, shekararsa 79. Sakamakon ya faranta wa kowa rai: ƙasa da 3 cikin 100 na ma'aikata ke cikin talauci, yawancinsu tsofaffi. Jaridu suka yi shela kamar an binne talauci a Ingila. Ran 7 ga Oktoba, 1954, ya rasu a Hughenden, kusa da High Wycombe, shekara 10 bayan matarsa, yana da shekara 83.

Bai ga abin da ya biyo baya ba. Cikin 1965 Brian Abel-Smith da Peter Townsend suka nuna talauci yana nan da ransa, in an auna mutum da irin zaman da sauran jama'ar ƙasarsa ke yi. Bayan haka masana suka komo kan takardun gidaje na 1950 da suka rage, suka sake lissafi, cikin shekarar 2000 aka buga cewa gidajen da ya kamata a rubuta matalauta sun ninka abin da aka faɗa fiye da sau biyu. Awon da aka fi yi wa tafi shi ne ya fi rauni cikin ukun.

DAGA GARI GUDA ZUWA DUNIYA

Hanyar dai ta bazu. A lissafa abincin da zai riƙe jiki, a sa masa kuɗi, a ƙara na sutura da muhalli, sa'an nan a bi gidaje: haka ƙasashe da yawa suka tsara nasu mudun. Ofishin ƙididdiga na Nijeriya ma haka ya yi a bincikensa na 2018 zuwa 2019, ya sa iyaka a naira 137,430 ga mutum guda a shekara, ya sami 40 cikin 100 a ƙasanta, ban da Jihar Barno inda ba a iya kammala bin gidaje ba.

Cikin 1990 Bankin Duniya ya duba mudun ƙasashen da suka fi rashi, ya ga sun taru wajen dala guda a yini, ya mai da wannan mudun duniya. Ba canjin kasuwa a ke bi ba, abin da kuɗin ke iya saye a kowace ƙasa a ke dubawa. An yi ta gyara shi: dala 1.25 a 2008, dala 1.90 a 2015, dala 2.15 a 2022. Bisa mudun 2.15, kusan 38 cikin 100 na mutanen duniya ne ke ƙasa a 1990, zuwa 2019 suka koma ƙasa da 10. Mafi yawan wannan ragi a Sin da Indiya da maƙwabtansu aka same shi. Annobar 2020 ta mai da hannun agogo baya, yawancin waɗanda suka rage kuwa a Afirka kudu da Sahara su ke.

Waɗansu suka so su leƙa can baya. Cikin 2002 masana biyu na Faransa, Bourguignon da Morrisson, suka ƙiyasta cewa a 1820 mutum 84 cikin 100 na duniya suna cikin matsanancin talauci. Sai dai a 1820 ba wanda ya bi gidaje da littafi. Daga ƙiyasin arzikin ƙasashe aka fid da lissafin, alhali yawancin mutanen wancan zamani daga gonarsu da garkensu su ke ci, abin da ke da wuyar sa wa kuɗi bayan shekara 200. Saboda wannan ne waɗansu suka koma ga hanyar Rowntree, suka tono farashin hatsi da na sutura na kowane zamani suka cika kwando da shi. Wani bincike irin wannan da aka buga a 2021 ya sami 76 cikin 100 a 1820. Lissafin biyu sun saɓa, amma sun haɗu a kan cewa aƙalla uku cikin huɗu ne.

Cikin Yuni 2025 Bankin ya sake faɗaɗa mudun zuwa dala 3, don farashi ya sake, ƙasashe matalauta da yawa kuma sun ɗaga nasu mudun. Nan take matalautan shekarar 2022 suka tashi daga miliyan 713 zuwa miliyan 838, ba tare da tukunyar kowa ta ragu ba. Kamar yadda aka yi a York cikin 1936, ba a jera sabon lissafi da tsoho ba. Aka koma aka auna shekarun baya duka da sabon mudun, sai 1990 ta fito da mutum wajen miliyan 2,300.